Maganar da Sharhi Ya Yi a Rediyo

Shagon askin yana bakin titi, tsakanin mai walda da mai gyaran takalma. Kujera biyu ce a ciki, da dogon madubi wanda ya tsage daga kusurwa, da benci mai ɗaukar mutum biyar idan babu mai ƙiba a cikinsu. Mai shagon kuwa an daɗe da manta sunansa na yanka. Sharhi kowa yake ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai.

Daga gidan rediyon garin ya samo sunan. Kullum da ƙarfe takwas na safe akwai shirin da masu sauraro suke buga waya su faɗi abin da ke ransu, shi kuma shekara bakwai ke nan da wuya rana ta wuce bai buga ba. Zai maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, almakashi na aiki a kan wani, baki na aiki a kan gari. Yau kwalbatin bakin kasuwa da ta toshe, gobe tankar mai da ta kife a kwana, jibi masu hasashen yanayi da suka ce za a yi rana aka wayi gari da laima. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Abin dariya yake nema a cikin kowane labari, kuma yana samu. Mai gabatar da shirin da ya ji muryarsa sai ya fara dariya tun bai ce komai ba.

Ƙanin matarsa shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon garin, don haka Gola ake kiransa. Yana da shekara goma sha ɗaya mahaifinsu ya rasu, yayarsa ta ɗauko shi ta kawo shi gidan Sharhi, a nan ya girma, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Yanzu shekararsa ashirin da shida, dogo, mai faɗin tafin hannu, ba ya son yawan magana. Ƙwallon ba ta ciyar da kowa a garin, saboda haka ranakun aiki yana buga bulo a wani gidan bulo da ke bayan tashar mota. Tsakaninsa da mijin yayarsa tsokana ce ba dare ba rana. Sharhi ya ce masa hannun sabulu, shi kuma ya ce gara ya bar kansa ya zama daji da ya zauna a kujerar mai yi wa mutane rami a ƙeya.

Makon da abin ya faru an kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Lahadi aka buga wasan ƙarshe na kaka a fili mai kama da fadama. Kunnen doki kawai ƙungiyar take nema ta tsira daga faɗuwa zuwa rukunin ƙasa, kuma har saura minti biyu a tashi ana ɗaya da ɗaya. Sai wani ɗan wasan baƙi ya bugo wata ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, irin wadda Gola yake kamawa yana hamma. Ya durƙusa, ya buɗe hannu biyu, ƙwallon ta shiga hannun, ta sulale ta tsakanin gwiwoyinsa, ta gangara cikin raga a hankali kamar mai jin kunya. Da aka tashi sai da 'yan sanda suka raka 'yan wasan zuwa mota.

Gola ya dawo gida bai ci abinci ba. Washegari tun kafin yara su tashi ya sa kayan aiki ya fita.

Ƙarfe takwas da kwata Sharhi ya samu layi. Benci a cike yake, ruwa ya tsagaita, kwata sai ambaliya take yi a gaban shagon.

"Ga Sharhi mai aski," in ji mai gabatarwa. "Yau kam na san bakinka cike yake. Me ka gani jiya?"

"Abin da kowa ya gani na gani. Na ga ruwa, na ga laka, na ga mutum ya kama ƙwallo ya tausaya mata ya sake ta."

Benci ya fashe da dariya. Mai gabatarwa ma yana dariya ya ce, "To ai ɗan gidanka ne, kai za ka gaya mana abin da ya same shi."

Da a nan ya tsaya, da ba a yi komai ba. Amma dariyar ta yi masa daɗi, kuma ya saba idan ya ji an yi dariya ya ƙara ɗaya a kai.

"Ni dai ban ce komai ba fa," ya ce, yana kashe wa mutanen benci ido a madubi. "Abin da na sani, ranar Asabar na ga sabuwar waya a hannunsa, irin mai ido uku a baya. Mai buga bulo. Sai ku tambaye shi wa ya yi masa wannan alheri ana gobe wasa."

"A'a, Sharhi, kar ka ja mana," in ji mai gabatarwa, har yanzu da dariya a bakinsa, ya katse layin.

Sharhi ya fi kowa sanin inda wayar ta fito. Matarsa ce ta saya wa ƙaninta, saboda tsohuwar ta faɗa tankin ruwa a wurin aiki. Shi da kansa ya raka ta kanti. A ransa, da rana Gola zai ji labari ya zo ya ce zai fasa madubin nan ya ƙarasa shi, a yi dariya, ko ya ɗan saki ransa.

Wanda ya bugo bayansa bai yi dariya ba.

"Kun ji dai da kunnenku," in ji mutumin. "Ba wani ne ya faɗa ba, mijin yayarsa ne. Gida ɗaya suke kwana. Sayar da mu aka yi."

Na bayansa ya ce shi tun bara yake zargin yaron. Wani ya ce an ga Gola a cikin motar shugaban baƙin ranar Juma'a. Mai gabatarwa ya fara cewa a yi hattara, babu hujja, amma duk wanda ya samu layi daga inda na baya ya tsaya yake ɗorawa. Sharhi ya ajiye almakashi ya sake bugawa. Layi a cike. Ya buga sau goma sha ɗaya har aka rufe shirin aka sa talla. Mutanen benci suka daina kallonsa, ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da wurin zuwa.

Ya buga wa Gola, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce wa kansa ƙarar injin bulo ce. Ya ce mutanen garin nan baki ne da su kawai, kafin azahar wani labarin zai fito a manta da wannan. Ya ɗora wani tsoho a kujera ya shafa masa kumfa.

Wajen ƙarfe goma da rabi mai walda ya leƙo, tabarau a goshi.

"Sharhi, ajiye wannan. Ganga ya tara mutanensa a ƙofar fili. Yanzu suka wuce ta bayan tasha, sun fi talatin, har da masu katako."

Ganga shi ne shugaban magoya bayan ƙungiyar, mai kiɗa a fili duk ranar wasa, ƙato mai muryar da ake ji daga ƙarshen titi. Sharhi ya bar tsohon da kumfa a rabin fuska. Bai ko cire rigar aikinsa ba ya haye bayan babur ɗin mai walda.

A bakin kasuwa ruwa ya cinye titi. Babur ya shiga, ya yi tari sau biyu ya mutu. Sharhi ya diro ya kutsa cikin ruwan har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi bai waiwaya ba. Ya bi ta cikin tasha da gudu, tsakanin motoci, mutum mai shekara arba'in da takwas da tumbi. Tun kafin ya sha kwana ya jiyo hayaniyar.

Gidan bulon fili ne mai katanga, layi-layin ɗanyen bulo an rufe da leda, tulin yashi a gefe, injin yana ta ruri ba kowa a kansa. Sauran ma'aikatan sun tsallake katanga. Gola yana tsaye ya jingina da tankin ruwa, shebur a hannunsa, jini na zuba daga girarsa inda dutse ya same shi. Sun yi masa zobe.

"Kawo wayar," in ji Ganga.

"Yayata ce ta saya min. Ku je ku tambaye ta."

"Kawo ta, na ce."

Gola ya zaro ta da hannun hagu ya jefa masa. Ganga ya juya ta ya nuna wa jama'a bayanta, aka ɗauki ihu. Ya maka ta a kan bulo, ya take da dunduniya. A lokacin wani ya zagayo ta bayan tanki ya sauke wa Gola katako a wuya. Shebur ya faɗi. Suka rufe shi.

"Ku tsaya!" Sharhi ya kutsa yana ture mutane da kafaɗa. "Ku tsaya don Allah! Ƙarya na yi! Wasa nake yi masa, wallahi wasa ne! Matata ce ta saya, ina wurin!"

Wasu suka juyo. Ya san fuskokin. Rabin waɗannan kawunan sun zauna a kujerarsa.

"Da safe ka faɗi gaskiya, yanzu an ba ka naka kason," in ji wani.

"Ganga, kai ka san ni! Ka san bakina!"

"Na san ka," in ji Ganga. "Shi ya sa na yarda da kai. Matsa."

Bai matsa ba, sai aka matsar da shi. Katako ya same shi a haƙarƙari, ya ji wani abu ya ƙara a ciki kamar an taka busasshen kara, numfashinsa ya ɗauke. Ya zube a kan gwiwa cikin laka. Ta tsakanin ƙafafun mutane yana hango abin da ake yi. Mutum huɗu sun danne Gola ruf da ciki, ɗaya ya take masa wuya, biyu sun miƙar da hannunsa na dama a kan allon da ake ɗora ɗanyen bulo. Gola yana ta fizga, bakinsa cike da yashi.

"Da wannan ka karɓa ko?" in ji Ganga. Ya ɗauko busasshen bulo mai inci tara, ya ɗaga shi sama da kansa, ya sako.

Ƙarar da Gola ya yi ta fi ta injin. Sharhi ya rene shi shekara goma sha biyar, ya gan shi da zazzaɓi, ya gan shi da karaya a ƙafa, bai taɓa jin wannan muryar daga bakinsa ba. Bulon ya rabe biyu. Yatsun da ke ƙarƙashinsa sun daina kama da yatsu.

"Saura ɗayan!" wani ya yi ihu. Suka jawo hannun hagun.

Wanda ya ɗauki bulo na biyu direban bas ne, mutum mai fara'a, mai 'ya'ya mata huɗu. Duk Asabar yana zuwa a gyara masa gemu, ya zauna ya yi ta labarin fasinjoji. Yanzu idonsa ya juye, kamar ba shi ba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga bulon.

Sharhi ya dafa ƙirjinsa don ya tashi, hannunsa ya ci karo da ƙarfe a aljihun rigar aiki. Almakashinsa ne, dogon, mai tsinin baki, wanda ya wasa ranar Alhamis. Bai yi tunanin komai ba. Daga baya an tambaye shi sau da yawa, a ofishin 'yan sanda da gaban alƙali, me ya yi niyya, ya ce bai sani ba, kuma gaskiyarsa ke nan. Ya tuna dai ya rarrafa taku uku, ya miƙe, ya luma almakashin a gefen cikin Direba har zuwa mariƙi. Ya ji ɗumi ya kwararo masa a wuyan hannu. Bulon ya faɗo ta baya. Direba ya dubi cikinsa, ya dubi Sharhi, ya ce, "Kai ne?" da muryar mamaki, ya zauna a kan yashi.

Sannan suka yo kan Sharhi.

Ya dunƙule ya rufe kai da hannu. Ƙafa, katako, guntun bulo, bakin shebur. Wani ya kama kunnensa ya ja har ya tsage. Wani abu mai kaifi ya same shi a idon hagu, duniya ta yi ja, sannan rabinta ya mutu. Yana jin Ganga na cewa a kawo fetur. Yana jin Gola na kiran "Yaya! Yaya!", bai sani ba shi yake kira ko matarsa.

Mai gidan bulon ne ya cece su. Tun farkon abin ya kulle kansa a ofis yana buga wa 'yan sanda waya. Da ya ji maganar fetur sai ya fito ta taga, ya haye tifar yashin da ke bakin ƙofa, ya tayar da ita, ya danna hon bai ɗaga hannu ba, ya nufo tsakiyar taron yana murƙushe layin bulonsa. Mutane suka watse, wasu ta katanga, wasu ta ƙofa. Ya tsayar da motar taku biyu daga kan Sharhi. Shi da mai walda, wanda ya iso jiƙe sharkaf, suka loda mutum uku a bayan tifar, a kan ragowar yashi.

Sharhi ya farka da la'asar ɗin washegari. Haƙarƙari uku sun karye, an ɗinke kunne, an naɗe rabin fuska, ƙafarsa ɗaure da ankwa a jikin ƙarfen gado. Ɗan sanda na gyangyaɗi a kan kujera. Ɗakin dogo ne, gado goma sha biyu. Gola yana gado na uku daga nasa, hannunsa a rataye, an naɗe shi ya yi girman kai. Direba yana can ƙarshe kusa da taga, da robobi a hanci da ciki, matarsa da 'ya'yansa mata sun kewaye shi. Babu wani ɗakin a asibitin, dole aka haɗa su.

Matar Sharhi tana zaune a gefen gadon ƙaninta tana ba shi ruwa da cokali. Ta ga mijinta ya buɗe ido. Sai da ta gama, ta goge wa Gola baki, sannan ta taso.

"Sannu," ta ce.

"Yaya hannun?"

"Sun cire yatsu biyu. Na tsakiya ma likita ya ce ba zai ƙara lanƙwasuwa ba." Ta gyara masa zanen rufa ba tare da ta dube shi ba. "Kana tsaye a kantin nan, maigida. Kai ka ce a ɗauki baƙar, ta fi kyau."

"Na sani."

"Ina wanke-wanke na ji ka. Har na yi dariya. Ni ma na yi dariya." Muryarta ta karye a nan, ta juya ta koma wurin ƙaninta.

Kwana tara suka yi a ɗakin. Gola bai ce masa uffan ba. Matar Direba idan za ta wuce ta gaban gadonsa sai ta tofar da yawu a ƙasa, ma'aikaciyar jinya ta yi faɗa har ta gaji. A kwana na shida aka cire wa Direba robar hanci. Ya daɗe yana kallon hannun Gola daga inda yake kwance, sannan ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na girgiza.

Ranar da za a tafi da Sharhi, da hantsi, Gola ya sauko daga gado ya tako a hankali, yana tallafe da hannun. Ya zauna a bakin gadon. Ya rame, gemu ya fito masa.

"Yaya, abu ɗaya zan tambaye ka. Kar ka ba ni dariya, ka ba ni amsa."

"Tambayi."

"Da ƙwallon nan ta shiga, kana fili. Ka yi zaton na sayar?"

Sharhi ya buɗe baki zai rantse, sai ya rufe. Ya dubi silin da idon da ya rage masa.

"Da ta shiga," ya ce, "na ce a raina, anya? Sau ɗaya. Kafin in kai ƙofar fili na watsar."

Gola ya gyaɗa kai, kamar dama abin da yake jira ke nan.

"Santsi ne," ya ce. "Safar hannun ta tsufa. Tun watan jiya nake roƙon su sabuwa."

"Ka yafe min, ƙanena."

"Ka hana su na hagun. Wannan na gani da idona." Ya miƙe da ƙyar. "Ɗayar maganar kuma ka ba ni lokaci. Yanzu idan na ce na yafe, ƙarya na yi maka."

Alƙali ya ba Sharhi wata goma, ya ce ya duba cewa ran wani yake karewa. Ganga da mutum uku suka samu shekara uku-uku. Direba bai shiga kurkuku ba saboda halin da yake ciki, amma bai ƙara tuƙa doguwar hanya ba, zama yana yi masa wuya. Sauran mutum ashirin da wani abu ba a kama ko ɗaya ba. Suna nan a gari, suna zuwa kasuwa, suna gaisawa da mutane.

Kafin Sharhi ya fito Gola ya bar garin. Wani ɗan'uwan mahaifinsu ya samar masa aikin kula da sito a wani kamfanin siminti mai nisan kwana ɗaya a mota, ya koyi rubutu da hagu. Sharhi ya dawo ya tarar mai walda ya riƙe masa shago, ya sa wani yana aski a ciki. Ya koma aiki, sai dai da ido ɗaya ba ya gane zurfi, sau biyu ya yanki mutane a kunne. Daga nan ya bar wa ɗayan reza da almakashi, shi ya tsaya a kan inji, askin ƙwal-kwabo da na yara.

Gola yana kiran yayarsa duk ƙarshen mako. Yakan tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, da makarantarsu, da ciwon bayanta. A shekara ta biyu ya fara cewa, kafin ya kashe, "Ki gaishe shi." Ita kuma sai ta leƙo tsakar gida ta isar da saƙon, ta koma kan aikinta.